Dutsen Alwala a Gindin Rumman

Fagge, Kano,
Laraba, ƙarshen bazara.

Zuwa ga ɗana Babagana, mai sunan mahaifina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uban da ya yi shekara guda da 'yan kai bai ji muryar ɗansa ba, alhali tsakanin Fagge da Sabon Gari ba tafiyar da ake ɗaukar guzuri ba ce. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ba ka haƙurin karanta ta har ƙarshe, ko da yake ni ban taɓa barin ka kai ƙarshen taka maganar ba.

Hannun da ka gani ba nawa ba ne. Ka san ban iya boko ba, ajamin ma yanzu idona ba ya kama shi. Mai masaukinka ne, Nwosu mai ƙera bokiti da butar ban-ruwa, yake rubutawa, ni ina faɗa. Muna zaune a zaure, na hana shi wucewa cikin gida saboda dalilin da za ka ji a gaba. In ka ga kuskure nasa ne, in ka ga abin kunya nawa ne. Shi ya zo mini da labarin cewa ranar Asabar za ka hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ka sami aikin gadina, wato kula da lambu, a ɗaya daga cikin sababbin gidajen da ake gina wa manyan ma'aikata. Da na ji sai na ce, "To, Allah ya taimaka." Ya ce, "Malam Bukar, iyakar abin da za ka ce ke nan? Shekara ashirin ina gyara maka buta, ban taɓa ganin wadda ta kai bakinka toshewa ba." Na zage shi, ya rama, daga nan ya zaro takarda da alƙalami daga aljihu. Ashe da shirinsa ya zo.

Ba ni da guzurin da zan ba ka. Abin da na tara cikin shekara talatin ina bin ciyawar Turawa da buta, yawancinsa kuskure ne, shi zan zazzage maka ka tsinci abin da zai yi maka amfani. Tun ranar da na sami aikin, kakanka da ya baro Barno ya zauna nan Fagge ya tambaye ni, "Wace dabba ce za ta ci ciyawar?" Na ce babu. Ya ce, "To, me ake yi da ita?" Na ce kallo. Ya dube ni ya ce, "Kiri-kirin da muke tugewa a gona muna Allah wadai da ita, ita za ka riƙa shayarwa?" Ran nan dariya na yi, na ce tsoho bai san zamani ba. Ga shi yanzu ana ta zancen mulkin kai, masu ciyawar suna shirin ɗaure kayansu, ni kuwa ko ƙwayar hatsi ɗaya ban taɓa girba daga abin da na shayar ba. Da ina da bakin magana da na hana ka wannan sana'a. Amma ita kaɗai na koya maka, bakin maganar kuma ni na zubar da shi.

Ka fara da ban-ruwa, don a nan na fara ɓata. A gidan farko da na yi aiki, bayan tashar jirgi, uwargidan Bature tana son ta leƙo ta taga ta ga buta a hannuna. Da na gane haka sai na mai da ban-ruwa abin a gani a yaba. Sau biyar, sau shida a wuni ina zagaya filin ina yayyafi, ƙasa ta yi duhu a sama, ciyawa ta yi kore shar, a ce Bukar ba ya zama. Ana nan cikin wata bazara famfon unguwar ya ɗauke kwana huɗu. Kafin a shiga na uku filin ya koma launin tsohuwar tabarma. Na kama ciyawar na ja, ta taso a hannuna ba gardama, saiwarta ba ta kai gaɓar yatsa ba. Ita kuwa kiri-kirin bakin layin dogo, wadda ba mai ko kallonta, tana nan da ranta. Ni na lalata tawa. Kullum ruwa na zuwar mata a sama, me zai kai saiwarta ƙasa?

Saboda haka a bazara kada ka yi yayyafi. Ka ba ƙasa ruwa ta sha ta ƙoshi, ka bar ta kwana biyu ko uku saiwa ta bi shi ƙasa. Ka yi da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko da la'asar sakaliya, don ruwan tsakar rana rabinsa iska ke shanyewa. In ka gama ka soka sanda. In ba ta shiga taƙi guda cikin sauƙi ba, ba ka yi komai ba, wanka kawai ka yi wa ganye. In maigida ya ce bai ga kana aiki ba, ka nuna masa sandar.

Na san wannan tun kafin a haife ka, na kuma koya wa mutane da dama. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a gidana kaɗai na manta da shi.

Ka san rumman ɗin tsakar gida, amma ba ka san farkonsa ba. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ita ta zo da shi daga Yerwa lokacin da aka kawo ta, ɗan dashe bai kai kamu ɗaya ba, a cikin ƙoƙo. Kwana huɗu a bayan mota tana rungume da shi a cinya, tana ba shi daga ruwan shanta. Da za a dasa ta ce da ni a hankali, "Malam, a gidanmu tulu ake hudawa a binne kusa da shi, a riƙa cikawa, ruwan ya riƙa tsattsafowa ta ƙasa." Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, gani nake duk Fagge ba wanda ya kai ni sanin ƙasa. Na ce, "Wannan aikin ƙauye ne. Ni a gidan Bature nake aiki, kada ki ƙara kawo mini dabarar tsofaffi." Ta ce, "To, Malam." Ba ta sake ta da zancen ba har ta koma ga Allah.

Na kafa doka cewa kowa a gidan nan a gindin rumman zai riƙa alwala, wannan ya ishe shi. Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki na tarar ta ajiye wani faffaɗan dutse a gindin, ta ce don in riƙa ɗora ƙafa kada taɓo ya ɓata ni. Na yaba da hankalinta. Shekara ashirin da wani abu ina ɗora ƙafata a kan dutsen nan, asuba da magariba da lisha. Rumman ya girma ya wuce katanga, ya yi ta 'ya'ya har maƙwabta kan aiko a tsinka wa mai ciki ko mai zazzaɓi. Duk ɗan'uwan da ya shigo sai na ja shi gindin, in ce, "Ka ga wannan? Ba ya shan komai sai ruwan alwala. Albarkar salla ce da hannun gadina." Mahaifiyarka tana gefe tana tankaɗe, sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Ni a zatona alfahari take da mijinta.

Ruwan alwala fa yayyafi ne, Babagana. 'Yar buta ɗaya, rabinta a fuska ta ƙare. Ni da na san abin da yayyafi ke yi wa saiwa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda itace ke ratsa bazarar Kano da shi ba. Na sami amsar da ta yi mini daɗi na miƙe ƙafa a kanta. Bayan rasuwarta ma, bazara biyu rumman bai nuna alamar maraici ba, sai na ƙara kumbura. Lokacin ka fara bi na wurin aiki. Kowace Juma'a sai ka makara, ka iso da kafaɗar riga a jiƙe, ni kuwa in yi ta yi maka faɗan lalaci a gaban kuku. Ko sau ɗaya ban tambaye ka me ya jiƙa ka ba.

Yanzu na zo kan abin bara. Nwosu ya ce in sha ruwa tukuna, na ce ya rubuta kawai.

Ka tuna azumin bara tsakiyar zafi ya faɗo. Uwargidan Baturen da muke wa aiki za ta yi baƙi ranar Asabar, ta ce tana son fili ya kwanta luf. Na kwance ƙusar injin yankan ciyawa, wannan da ake turawa da hannu, na sauke wuƙarsa har ƙasa. Kana bakin shinge riƙe da langalanga, ka ce, "Baba, a wannan zafin in aka yi mata ƙwal-kwabo..." Ban bari ka ƙarasa ba. Na ce, "Yaushe aka haife ka?" Kuku yana tsaye, mai wanki yana tsaye. Na ce ka karɓi injin ka tura, ka karɓa ka tura. Ranar Asabar baƙi suka yaba. Ranar Laraba filin ya ƙone ƙurmus, gara ta shiga ta ƙarasa sauran.

Bature ya kira mu baranda ya tambaya, ta bakin kuku, wa ya yanka ciyawar. Tambayar ke nan, wa ya yanka. Na ce, "Yaron ne ya tura injin." Ban yi ƙarya ba, amma duk ƙaryar da na taɓa yi a duniya ba ta kai wannan gaskiyar muni ba. Ka dube ni sau ɗaya, ka sunkuyar da kai irin na mahaifiyarka. Aka sallame ka nan take. Na ce wa raina kai matashi ne, za ka sami wani wurin, ni tsoho ina za ni. Da azumi a bakina na yi wannan tunani.

To, ka ji. Ciyawa a bazara inuwar kanta take sha. Ka ɗaga wuƙa, ka bar ta ta kai tsawon yatsa, kan ganyen kawai za ka riƙa ɗauka. Ka riƙa wasa wuƙar, don dakusasshiya yagawa take, bakin ganye ya yi fari ya bushe. Abin da ka yanke kada ka share shi duka, ka bar kaɗan ya rufe ƙasa. In maigida ya ce a kwantar da ita saboda baƙi, ka gaya masa cikin ladabi abin da zai biyo baya, tun kafin a yanka, ka tuna masa baƙi wuni ɗaya za su yi su tafi. In ya dage ka yi, ta ƙone, aka tambaya wa ya yi, ka ce ni ne, ko da hannun wani ne ya tura injin da umarninka. Aikin da na sayar da kai don kada in rasa, ko shekara bai ƙara yi a hannuna ba.

Da la'asar ran nan na dawo gida na tarar ka naɗe tabarmarka. Ka tsaya a gindin rumman ka ce, "Baba, kafin in tafi, itacen Inna, akwai abin da ya kamata ka..." Kunya ce ta cika ni fal, ni kuwa kunyata ba ta san wata hanyar fita ba sai tsawa. Na ce, "Ni za ka koya wa lambu? In za ka tafi, ga ƙofa nan." Ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ka fita. Ina jin ƙarar takalminka har ka sha kwana wajen masallaci, ban kira ka ba.

Sau biyu na taka zuwa Sabon Gari a cikin shekarar nan, ba ka sani ba. Na ratsa kasuwa, na kai bakin layin Nwosu, ina jin guduma biyu suna dukan kwano, na san ɗaya taka ce. Na tsaya gindin wani kanti ina shirya abin da zan ce, sai in ji duk kalmar da ta zo bakina faɗa ce. Na farko na sayi allurar da ba na bukata na juyo. Na biyu ko kantin ban kai ba. In ka ɓata wa wani, ka je masa a ranar, tun maganar tana da laushi. Tawa na bar ta ta kwana, ta yi wata, har ta fi ƙarfin bakina.

Damina ta rufa mini asiri, rumman ya sha ruwan sama. Da rani ya shigo ya fara zubar da ganye, na ce al'adarsa ce. A lokacin ne kuma yanar ido ta fara rufe mini gani. Da fari kamar hayaƙin murhu, daga baya launuka suka fara guje mini. Na ɓoye wa kowa. A wurin aiki na koma gane ciyawa da tafin ƙafa, in cire takalmi in taka, mai rai tana da sanyi, matacciya tana suka. Haka na yi ta lallaɓawa har ranar da na bi layin furannin uwargida da fartanya na share su tas, a zatona ciyayi ne suka fito. Suka sallame ni, amma ba su wulaƙanta ni ba. Bature ya ba ni hannu, ya ba ni takardar shaida wadda Nwosu ya ce an yabe ni a ciki. Tana nan cikin akwati, ban san abin da zan yi da ita ba.

Na dawo na zauna gida. Bazarar bana rumman ya yi fure, furen ya zube kafin ya ƙulla. Da asuba in na zo alwala sai in ji ganye ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafata. Na ce yunwa ce ke damunsa. Na je turken jakunan fatake na kwaso ɗanyen taki da zafinsa, kwando biyu, na jibga masa a gindi. Ni da bakina na sha gaya maka ɗanyen taki a bazara wuta ne. Amma na rikice, duk abin da na sani ya gudu ya bar ni, so nake kawai in ga na yi wani abu da hannuna. Kwana biyar, ganyen da suka rage suka nannaɗe.

Kada ka ba itace mai ƙishi abinci, ruwa tukuna. Taki sai wanda ya ci damina guda a rami ya huce, ya yi baƙi, ya daina wari, shi ma sai ruwa ya zauna sosai. Kafin nan abin da gindin itace ke so a bazara rufi ne. Ka samo ɓawon gyaɗa ka baza da kauri, ka barbaɗa toka saboda gara, kada ka bari ya taɓa jikin itacen. An ce a Kaduna ruwa na riga mu sauka. Kada ruwan farko ya ruɗe ka ka yi dashe. Na taɓa dasa shinge guda bayan hadari ɗaya, aka yi kwana ashirin ba ɗigo, na tuge su da hannun da na dasa su. Ka jira ruwa na uku, ka tona ka ji sanyi ya kai wuyan hannu.

Ranar Lahadin da ta wuce na ɗauki fartanya in kwashe takin. Ina cikin ja sai bakin fartanya ya ɗaga gefen dutsen alwala, ya koma da wata irin ƙara ta abin da ke da rami a ƙarƙashinsa. Na durƙusa na kawar da shi. Na lalubo wani baki zagayayye mai santsi. Na zura hannu, ya wuce gwiwar hannu, ya kusa kai kafaɗa. Tulu ne, Babagana. Tulun da na ce aikin ƙauye ne. Na shafa cikinsa na ji hudojin da ta yi da ƙusa, ta kowace huda saiwoyi sirara sun kutso, sun yi cunkus a ƙasan tulun suna jiran ruwa. Na taɓa su suka karye a hannuna. Ko danshi babu, sai busasshiyar ƙasa da saƙar gizo-gizo.

Na zauna a wurin tun hantsi har aka kira azahar, na kasa tashi. Komai ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, murmushinta, jiƙaƙƙiyar kafaɗarka ta ranar Juma'a, maganar da ka fara na katse. Shekara ashirin tana ɗebo ruwa bayan na fita, ta cika tulun nan, ta mai da dutse, ta bar ni ina cika baki a gaban mutane don kada ta ba ni kunya. Da ta kwanta ciwo ta damƙa maka, kai ma ka rufa mini asiri. Ni kuwa shekara guda cur ina tsaye da ƙafata a kan bakin tulun, yana bushewa a ƙarƙashina, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na yi kuka, ba na jin kunyar a rubuta. Ko ranar da aka kai ta ban yi irinsa ba.

Nan Nwosu ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam Bukar, don Allah bari in shiga in duba maka itacen nan. Ko a mace yake ko a raye, ka sani ka huta." Na ce a'a. Ya ce, "Taurin kan dai har yau!" Na ce wannan ba shi ba ne, ɗauki alƙalaminka.

In Allah ya ba ka mata, ta ce maka a gidansu ga yadda ake yi, ka ce ta nuna maka. In na ƙasa da kai ya buɗe baki, ka bar shi ya kai aya, ko da ka tabbata shirme zai faɗa. In shirmen ne, ba ka yi asarar komai ba sai numfashi biyu. Ka kuma ji tsoron wanda ke ce maka "to" da sauri ya sunkuyar da kai. Sau da yawa ba yarda ya yi ba, ya gaji da kai ne, ko tausayinka yake ji. Duk gidan da za ka yi aiki kuma, komai kyan filinsa, ka tuna ba naka ba ne, ka rage ƙarfin da za ka koma gida da shi. Ni nawa duka na zuba a ciyawar da washegarin barina aka kawo wani ya ci gaba da ba ta ruwa.

Ga halin da ake ciki. Na kwashe takin, na wanke gindin da ruwa mai yawa, na rufe da ɓawon gyaɗa. Tulun ina cika shi kullum, rabin garwa sau uku daga famfon bakin titi, don cikakkiya ta fi ƙarfina yanzu. Ruwan yana raguwa, amma busasshiyar ƙasa ma tana sha, wannan ba shaida ba ce. Rassan na bi su ɗaya-ɗaya ina lanƙwasawa, duk suka karye, sai guda ɗaya na ɓangaren ɗakinta, wanda ya lanƙwasu bai karye ba. Ka san yadda na koya maka, a kankare ɓawo da farce, in ƙarƙashinsa kore ne akwai rai, in ruwan ƙasa ne an gama. Na kankare. Na kai ido har hancina ya taɓa reshen, na juya shi wajen rana, na kasa bambancewa. Shekara talatin da sanin kore nake cin abinci, yau ga shi a gabana ko babu shi, ban sani ba. Na kankare wuri uku, na tsaya haka nan, kada in ƙarasa shi da farcena.

A raina na fi zaton ya mutu. Ina gaya maka don kada ka zo da sa rai. Ƙishin shekara guda, da wutar taki a kai, ba kowane itace ke tashi bayansu ba, kuma na binne itatuwa da yawa da ba a yi musu rabin wannan ba. Shi kaɗai ya rage na abin da ta taɓa da hannunta a gidan nan, sai kai.

Nwosu na iya dubawa, liman na iya dubawa, kowa a layin nan yana da ido. Amma maganar itacen nan a bakinka na katse ta, daga bakinka nake so in ji ƙarshenta. Ba na cewa ka fasa tafiya. Ka tafi, can ya fi maka nan. Ba na kuma cewa ka yafe mini, wannan ba a roƙonsa a takarda da hannun wani. Jirginka Asabar ne, Juma'a tana gabanta. In ka ga dama ka biyo da safe, lokacin da ka saba. In kore ne, ka yanke reshen ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka tafi da shi, ka dasa inda za ka zauna, ka binne masa tulu, don a hannuna ba zai ga wata bazarar ba. In ba kore ba ne, ka faɗa mini, zan yi shiru har ka gama, sannan ka kama mini da gatari, don ba na so baƙo ya sare shi.

In kuwa ba ka zo ba, ban ga laifinka ba. Zan ci gaba da cika tulun har ranar da ƙafata ta daina kai ni famfo, tunda ba mai gaya mini in daina.

Ka gaishe mini da matar Nwosu, ka ce na gode da shekara guda da ta yi tana zuba maka abinci tare da 'ya'yanta. Babbar butata ta ban-ruwa tana wurin mijinta, ya sake mata hannu, taka ce.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya. Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe a hanya, da macijin cikin ciyawa, da zafin rana, da zafin zuciya irin na ubanka. Ya haɗa ka da maigida mai adalci, wanda ya fi wanda ka samu a gida. Ya bar maka hasken idonka har tsufa. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya mai da duk ruwan da ta ɗebo a ɓoye sanyi a kabarinta. Amin.

Ranar Juma'a ba zan cika tulun da safe ba, zan bar shi har a kira salla. Garwa tana bayan ƙofa, inda ka saba samun ta.

Ni ne mahaifinka,
Bukar Gadina.